Daga Ramukan Zinariyar Mali Zuwa Gida: Yadda Muke Bin Sawun 'Yan Matan da Aka Sayar

A taron Zumuntar Mata na ikilisiyarmu akwai wani roƙon addu'a da ya daɗe yana dawowa. Uwa za ta miƙe ta ce a tuna da ɗiyarta, ta tafi aiki ƙasar waje, an kwana biyu ba a ji muryarta ba. Da farko mukan yi addu'ar mu shiga batu na gaba. Abin da ya hana mu ci gaba da wucewa shi ne yadda labaran suka riƙa kama da juna: wata anti ce ta zo, ta yi alkawarin aikin shago ko gyaran gashi ko gidan abinci, ba ta nemi ko kuɗin mota ba, ta kuma ce kada a gaya wa kowa sai yarinya ta isa, saboda maƙiya. A watan Janairun 2019 hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ta bayyana cewa akwai 'yan matan Najeriya kimanin 20,000 da ake tilasta wa karuwanci a Mali, yawancinsu a wuraren haƙar zinariya, kuma da dama an yaudare su ne da sunan za a kai su Malesiya. Daga nan damuwar ta zauna mana a zuciya. Wasiƙar Ibraniyawa 13:3 ta umarce mu mu tuna da ɗaurarru kamar tare aka ɗaure mu, kuma wanda aka ɗaure tare da wani ba ya tsayawa a fatan alheri, sai ya nemi inda ƙullin yake. Abin da ke biye shi ne tsarin da muke bi, da wuraren da abu yake lalacewa.

Komai yana farawa ne da saƙon murya na WhatsApp daga lambar da ta fara da +223, galibi da tsakar rana, domin lokacin ne wurin yake barci. Wayar ba ta yarinyar ba ce. Ko ta wata 'yar'uwarta ce, ko ta wani mai haƙar zinariya da ya ji tausayinta. Uwa idan ta ji muryar, kuka ne da tambayar "me ya sa kika yi mana haka", kuma mintin da aka samu ya ƙare ba a san ko sunan garin ba. Shi ya sa muke zama da uwar tun kafin kira na biyu, mu rubuta tambayoyin a takarda, mu ce mata: "Mama, kukan za mu yi shi tare daga baya. Yanzu ki tambaye ta waɗannan, ɗaya bayan ɗaya."

Abin da ake nema shi ne sunan garin da ya fi kusa, da sunan wurin haƙar kansa yadda mutanen wurin suke faɗarsa. A sa ta faɗe shi da murya sau biyu, domin sunayen na Bambara ne, rubutunsu kuma na Faransanci, kuskuren harafi ɗaya yana iya kai mutum wata jiha dabam. Yankin Kangaba da ke kusa da iyakar Gini daban yake da yankin Keniyeba da ke can wajen iyakar Senegal, tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Idan wayar tana da taswira, ta turo alamar inda take, wannan ya fi kowane kwatance. Sai sunan da aka laƙaba mata a can, domin kusan kullum ana canza musu suna, wanda ya je yana tambayar sunanta na baftisma zai dawo hannu banza. Sai sunan da ake kiran madam da shi, wato matar da ke riƙe da su tana tilasta musu karuwanci, su nawa ne a hannunta, akwai ƙananan yara a ciki ko babu, ta wace hanya aka bi da su, wa ya karɓe su a Legas, wa ya tsallaka da su Seme zuwa Kwatano, ina suka kwana. A ƙarshe a tsayar da rana da lokacin da za ta sake kira, da wata kalma da za ta faɗa idan akwai mai sauraro kusa da ita. Mu ba ma kiran lambar da kanmu. Kira ɗaya a lokacin da bai dace ba yana jawo mata duka, a ƙwace wayar, a kuma ɗauke ta zuwa wani wurin. Ita ta goge saƙonni a can, mu kuma mu adana namu a waya biyu, haɗe da hoton duk wata rasidin banki da ta taɓa shiga tsakanin iyali da mai ɗaukar, wato wadda ta yaudari yarinyar ta fitar da ita daga gida.

Abubuwa uku ne muke roƙon iyali da girman Allah kada su yi, kuma su ne zuciya take fara rayawa. Kada a sa hotonta a Facebook ana neman taimako. Madam tana da 'yan'uwa a gida masu ganin shafukan nan, kuma hoton da ya shiga intanet ba ya fita, zai jira yarinyar har ranar da wani zai zo neman aurenta. Kada a tafi gidan wadda ta ɗauke ta a yi rigima. Da zarar an yi, labari ya riga kowa isa Mali, shaidun kuma sun ɓace. Na ukun shi ne mafi wuya a fahimtar da uba: kada a biya bashin.

Bashin nan yana da kyau a fahimci yadda aka gina shi. 'Yan matan da suka dawo sukan ambaci tsakanin sefa miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu, wai kuɗin mota da na hanya, alhali abin da aka kashe a kansu bai kai kusa da haka ba. Idan bashin miliyan ɗaya da rabi ne, namiji guda kuma yana biyan sefa 2,000, to maza 750 ke nan. Wannan ma idan duk abin da ya shigo bashin yake ragewa. Amma daga ciki ake cire kuɗin rumfar leda da take kwana, da abinci, da ruwa, da magani, da tara idan ta ƙi wani ko ta yi rashin lafiya. Littafin lissafin kuma yana hannun madam. Uban da ya sayar da gona ya tura kuɗi yana zuba ruwa ne a kwando: za a ce kuɗin bai cika ba, ko a sayar da yarinyar ga wata madam bashi ya fara sabo, kuma kuɗin gonar shi ne jarin da za a ɗauko wata yarinyar da shi. Babu wata doka a Najeriya ko a Mali da ta san da wannan bashin. Ita Mali tana da dokarta ta hana fataucin mutane tun 2012.

Haka kuma ba ma ce mata ta gudu da dare alhali babu wanda ke jiranta a wani wuri takamaimai. Daji ne, ba ta jin yaren, ba ta da takarda, masu babur na wurin sun san madam ba su san ta ba, ga kuma rashin tsaro a sassa da dama na ƙasar.

Sai rubuta ƙorafi. An kafa NAPTIP a 2003, aka sabunta dokarta a 2015. Hedikwatarta tana Abuja, tana da ofisoshi a Kano, Sakkwato, Maiduguri, Makurdi, Benin, Legas da wasu garuruwan, tana kuma da gajeriyar lambar waya 627. Kira yana da amfani, amma takarda ce take tafiya daga tebur zuwa tebur. Shafi ɗaya ya isa: cikakken sunan yarinya, shekarunta, ranar da ta bar gida, wanda ya ɗauke ta da alkawarin da ya yi, inda take yanzu, lambar da ta kira da ita, da lambar mutum ɗaya tak da za a riƙa tuntuɓa. Uwa ko uba su sa hannu. A haɗa hotonta na kwanan nan, da takardar haihuwa, da lambar NIN idan tana da ita. Inda babu waɗannan, katin baftisma da takardar gama firamare sun sha fitar da mu, domin suna nuna suna da shekara da gari. A je da kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a kan ɗaya a dawo da shi, a rubuta sunan jami'in da aka ba aikin. Mukan kai kwafi ga hukumar NIDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna waje, domin ƙofa biyu sun fi ɗaya.

Batun shekaru kada a yi wasa da shi. Bisa yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan fataucin mutane ta shekarar 2000, wadda dokarmu ta bi sawunta, idan yarinya ba ta kai 18 ba, ba a tambayar ko ta yarda ko an yaudare ta, ɗaukarta zuwa wannan aikin kawai fatauci ne. Dokar 2015 ta sa mafi ƙarancin hukuncin wanda ya yi haka da yaro ya zama ɗaurin shekara bakwai da tarar naira miliyan ɗaya. Masu fataucin sun san wannan, shi ya sa suke koya wa yarinya 'yar shekara 15 ta ce 22 take. Takardar da ta fito daga gida ita ce ke karya wannan ƙaryar. Ga wadda ta haura 18 kuma, cewa ta tafi da ƙafarta ba ya wanke kowa, muddin da yaudara ko barazana aka kai ta.

A nan ne iyalai da yawa suke janyewa, kuma dalilin ɗaya ne: mai ɗaukar ba baƙo ba ne. 'Yar ƙanwar uba ce, ko maƙwabciya, wani lokacin ma wadda muke zama benci ɗaya da ita ranar Lahadi. Dangi sai su taru su ce a rufa asiri, a sasanta a cikin gida. Mu ba ma goyon bayan wannan sulhun. Yusufu ma 'yan'uwansa ne suka sayar da shi a kan azurfa ashirin, kuma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye sunayensu ba. Wadda aka rufa wa asiri bana, baɗi ƙanwar yarinyar za ta zo ɗauka.

Abin da ke faruwa a can ɓangaren ba a hannunmu yake ba. Ofishin jakadancin Najeriya da ke Bamako, da 'yan sandan Mali, da ƙungiyoyin 'yan Najeriya mazauna can, da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, su ne ke fito da yarinya su kai ta masauki. Jakadanci zai yi mata tambayoyi ya tabbatar 'yar Najeriya ce, sannan ya ba ta takardar tafiya ta gaggawa a madadin fasfo. Wannan yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, musamman da damina idan hanyoyin daji sun yanke. Aikinmu a lokacin shi ne mutum ɗaya ya riƙa bibiya cikin ladabi a kai a kai, a kuma riƙe uwar kada ta faɗa hannun 'yan damfara. Suna nan da yawa. Wani zai kira ya ce shi jami'i ne ko fasto ne a Bamako, ya ga yarinyar da idonsa, a turo kuɗin mai. Duk wanda ya nemi kuɗi, a mayar da maganarsa ga jami'in da ke riƙe da takardar kafin a tura ko sisi.

Akwai kuma abin da ke karya wa iyaye zuciya: a isa wurin yarinya ta ce ba za ta taho ba. Idan babba ce, ba a ɗauko ta dole. Dalilanta ba na banza ba ne. Wata ta kusa gama biyan bashin tana ganin wahalarta za ta tashi a tutar babu. Wata kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe ta. Mafi yawa kuma rantsuwa ce. Kafin a tashi ko bayan an isa, akan yanki gashinta da farcenta, a karɓi ɗan kamfanta, a sa ta rantse cewa idan ta gudu ko ta tona, za ta haukace ko ta mutu ko uwarta ta mutu. Wasu ma da Littafi Mai Tsarki ake rantsar da su. Ƙarfin wannan abu a zukatan 'yan mata shi ya sa a watan Maris na 2018 Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara bokayen masarautarsa ya warware irin waɗannan rantsuwoyi, ya kuma la'anci duk wanda ya sake ɗaura su. Ba ma yi wa tsoronta dariya, ba ma kuma ce mata rashin bangaskiya ne. Saƙon da ya fi aiki shi ne muryar uwarta tana cewa: "Ɗiyata, lafiyata ƙalau. Ban aike ki neman kuɗi da jikinki ba. Ki dawo ko da rigar jikinki ce kaɗai, ɗakinki yana nan." Idan ta ƙi a karon farko, a bar ƙofar a buɗe. Da yawa sukan sake kira.

Idan ta sauka, jami'an shige da fice da na hukumar agajin gaggawa ta NEMA da na NAPTIP ne suke karɓa su ɗauki bayani. Dokar 2015 ta hana a tsare ko a gurfanar da wadda aka yi fataucinta a kan abin da halin ya jefa ta ciki, kamar rashin takardun tafiya, ya kamata iyali su san wannan. Galibi za ta zauna a masaukin hukumar na kimanin mako shida. Iyaye sukan matsa a ba su ita a ranar, mu kuma mukan ba da shawarar a yi haƙuri, domin wannan lokacin ne ake shirya gida.

Asibiti kuwa ba a jinkirta shi. A gwada ciki, da ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B, da tunjere, da ciwon sanyi, da tarin fuka idan tana tari. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72 a sha na kwana 28, kuma yawanci lokacin ya wuce kafin ta iso, don haka gwajin farko ko ya fito lafiya sai an maimaita bayan wata uku. Idan an samu cutar, maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wadda ta riƙe shi yadda ya kamata za ta yi aure ta haifi lafiyayyun yara. Sakamakon nata ne, ba na kwamiti ba. A tambaye ta a hankali ko ana ba ta taramol ko wasu ƙwayoyi don ta jure aikin, domin idan ta daina kwatsam za a ga zufa, rawar jiki, ciwon gaɓoɓi da faɗa, a ɗauka iskoki ne ko taurin kai, alhali likita take buƙata. Barcinta ma a juye yake, dare ne ranarta. Za ta firgita idan namiji ya shigo ɗaki ba sallama, za ta ɓoye abinci, za ta ba da labari yau ta canza shi gobe. Wannan ba ƙarya ba ce irin wadda muka sani, haka ƙwaƙwalwar da ta sha azaba take fitar da abu gutsure-gutsure.

Yanzu ga wurin da ya fi damunmu, domin a nan laifin yakan zama namu na masu bi. Mun ga ikilisiyoyin da suka yi azumi yarinya ta dawo, sannan suka kore ta da hannunsu ba su sani ba. Ana kiranta gaban bagade ta ba da shaida, a miƙa mata makirufo, jama'a na tafi. Kafin a tashi sujada duk gari ya san abin da ya same ta, samari suna nuna ta a kasuwa. Wasu kuma sai dattawa su zauna su sa ta a horo, a mayar da ita bencin baya, a hana ta Jibin Ubangiji kamar wadda ta yi zina da ganganci. Wadda aka sayar aka kulle aka yi wa fyaɗe dare da rana ba ta da abin da za ta tuba a kai game da wannan. Horon na wadda ta sayar da ita ne. Muna faɗa wa fastocinmu haka kai tsaye, da ladabi: "Baba, idan aka sa yarinyar nan a bencin baya, sauran da ke can za su ji, kuma babu wadda za ta sake kiran gida."

Tsarinmu shi ne mutum uku kacal su san cikakken labarin: fasto, da mace ɗaya dattijuwa da yarinyar ta zaɓa da kanta, da mai riƙe takardu. Sauran jama'a abin da za su ji shi ne ta dawo daga tafiya ba ta da lafiya. Addu'ar warware rantsuwa ana yin ta ne idan ita ta nema, a ɗaki, da mace a wurin, ba ihu, ba dafa mata kai ko riƙe ta da ƙarfi, domin jikin da aka saba dannewa ba ya bambanta hannun mai addu'a da na mai cuta. A bar ta ta faɗi abin da ta rantse da bakinta, a karanta mata Nassi, a nuna mata cewa alkawarin da aka karɓa da yaudara da tsoro ba ya ɗaure kowa a gaban Allah. Sau da yawa sai an maimaita, musamman ranar da ta yi zazzaɓi ko wani ya rasu a dangi, domin nan take za ta ce rantsuwar ce ta fara ci. 'Yan'uwanmu sistocin Katolika sun riga mu nisa a wannan aikin. Kwamitinsu na COSUDOW a Benin yana karɓar irin waɗannan mata tun 1999, ƙungiyarsu ta duniya Talitha Kum kuma tun 2009. Bambancin ɗarika bai hana mu koyo daga gare su ba. Haka nan idan a rumfa ɗaya akwai 'yar Musulmi ko wadda ba mu san addininta ba, sunanta yana shiga takardarmu daidai da na ɗiyarmu.

Idan ta dawo da ciki ko da goyo, a yi maganar da uba tun tana masauki, kada ya fara gani a ƙofar gida. Idan gidan ba zai karɓe ta ba, ko mai ɗaukar tana unguwar, gara a nema mata wurin wata gwaggo a wani gari.

Sana'a ita ce ke hana komawa, domin talaucin da ya fitar da ita yana nan inda ta bar shi. Ba ma ba da kuɗi a hannu. Dangi za su ranta, bashin gida zai cinye, wata uku babu komai. Ita za ta zaɓi abin da take so, ɗinki ko kitso ko girki ko komawa makaranta, mu biya mai koyarwa kai tsaye, mu sayi keken ɗinkin ko kayan aikin da kanmu, rasidi da sunanta. A tanadi kuɗin mota da na abincin rana na duk tsawon koyon, domin a kan waɗannan ƙananan abubuwa ne yawanci ake yankewa. Wadda ta dawo ta hannun IOM tana iya samun tallafin fara sana'a, wanda akasari kaya ne ba kuɗi ba, sai a taimaka mata ta riƙe lambar takardarta ta kuma amsa kiransu, don wadda ta canza layi ba ta sanar ba tana iya rasa shi.

Shari'a kuma zaɓinta ne. Idan ta yarda ta ba da shaida, a sanar da ita gaskiya cewa za a yi ta ɗage zama, lauyan wancan ɓangaren zai yi mata tambayoyi masu zafi, dangin wadda ake tuhuma za su zo da roƙo, idan bai ci ba su koma barazana. Duk barazanar da ta zo ta waya a adana ta a kai wa jami'in. Kowace ranar kotu mace ɗaya daga cikinmu takan raka ta, kuɗin motar su biyun kuma daga baikon Zumunta yake fita, an ware shi tun farkon shekara tare da na gwajin asibiti da na koyon sana'a.